Yaron da ke ƙera motar kara ya fi mu kusa da gina gada

Ƴan uwa, duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Agadas ta Tanut da damina ya san labarin. Ruwa ya zuba, korama ta ɗauko, motoci sun jeru ana jira. Sai mu ɗauki hoto, mu sa a Facebook, mu yi zagi, mu kwanta. Gada ta biyu da ta uku a Yamai, 2011 da 2021, ƴan Sin suka gina. Mu kuma muna nan muna hadda.

Ni na yi lakol tun daga CI har jami'a, ba ranar da aka ce in gina wani abu da hannuna. Amma yaron Damargu, ba mushe ba littafi, yana ƙera motar kara har da taya mai juyawa. Yana shiga aji sai a ce ya yar da shirme. Shirme fa!

Ku gwada. A ba yara kara huɗu su ɗaure murabba'i, su danna: zai karkace. A gitta kara ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya ƙi motsi, don ya zama kusurwa uku-uku. Sirrin gadar ƙarfe ke nan. Sannan a tara jiƙaƙƙen rairayi, su huda rami biyu, ɗaya rufinsa a shimfiɗe, ɗaya a lanƙwashe kamar baka, su ɗora dutse su ga wanda zai fara ruftawa. Maginanmu sun daɗe da sanin wannan, shi ne bakan gizo na soraye.

Kar wani ya ce rami ba matsalarmu ba ce. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a Ɗan Isa, jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Samarinmu nawa ke Jado suna haƙa ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya taɓa nuna masu abin da ke riƙe rufin rami?

Na san amsar: ba kuɗi, ajin ma na zana ne. To kara nawa ne a Belbeji bayan girbi? Laka fa? Awa ɗaya a mako muke nema. COGES na kowace makaranta ya gayyato magini ko mai ginar rijiya na garin, ya zauna da yara. In ƙaninka yana firamare, ka kai maganar zaman COGES na gaba, ka dawo ka gaya mana abin da darakta ya ce.