Kafin a Ƙara wa Inji Ƙarfi, a Tambayi Birki da Jikin Direba

A ƙasashen Amurka da Turai akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin masu sha'awar mota. Mutum ya ɗauki motar da yake zuwa aiki da ita kullum, ranar Asabar ko Lahadi ya biya kuɗi ya shiga killataccen fili don gwada gudu. Al'adar iri biyu ce. Ta farko ita ce ranar buɗe filin tsere ga jama'a, kamar yadda ake yi a Silverstone ta Ingila, wadda asalinta filin jiragen yaƙi ne, ko kuma a Nürburgring ta Jamus mai tsawon kilomita 20.8. Ta biyu ita ce otokuros, inda ake jera 'yan robobi masu siffar mazurari a wani faffaɗan fili, kowace mota ta bi ta tsakaninsu ita kaɗai ana auna lokacinta. A Amurka ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce jagorar wannan wasa, kuma a ƙa'idarta duk robar da direba ya kayar za a ƙara masa daƙiƙa 2.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan malamin ilmin halittu da motar tsere? Lokacin da nake karatun digiri na uku a Ingila, wani abokin karatuna ya gayyace ni irin wannan fili. Ya kashe kuɗi mai yawa wajen sauya salansa da ƙara wa inji ƙarfi, amma bai taɓa man birkinsa ba. Bai yi minti 15 a fili ba ya dawo jikinsa na rawa, ya ce ya taka birki ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Tun daga ranar nake da ra'ayin da nake son in kare a nan: duk mai shirya motar yau da kullum don fili, to, ya fara da birki, sa'an nan taya, sa'an nan jikinsa. Inji shi ne na ƙarshe.

Dalilin farko lissafi ne da kowane ɗalibin sakandare zai iya yi a allo. Motar da ke da nauyin kilo 1,200, in tana gudun kilomita 100 a awa, tana ɗauke da kuzarin motsi kimanin kilojul 463. Aikin birki shi ne ya mayar da wannan kuzari zafi, kuma zafin ya isa ya kai kusan lita ɗaya da rabi ta ruwa bakin tafasa. In gudun ya zama kilomita 200, kuzarin ninkawa yake yi sau huɗu, ya kai kilojul 1,852. A kan titi, birki yakan sami hutu tsakanin wannan taki da wancan. A fili kuwa kowace kwana sai an taka shi da ƙarfi, zafi na hawa kan zafi.

To, a nan man birki ke shigowa. Irin wanda aka fi amfani da shi yana zuƙar laima daga iska a hankali. Bisa ma'aunin da aka gindaya, sabon mai na ajin DOT 4 ba zai tafasa ba ƙasa da digiri 230 na Salshiyas, amma in ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, matakin yakan sauko zuwa wajen digiri 155. Da zarar ya tafasa sai kumfar tururi ta cika bututu. Shi ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafa zuwa taya, amma tururi yana matsuwa. Abin da ya sami abokina ke nan. Saboda haka sabon man birki da takalman birki masu sauran kauri sun fi kowane gyara muhimmanci, ga shi kuma sun fi araha.

Dalili na biyu shi ne taya. Duk ƙarfin inji da na birki ta wurare huɗu kawai yake isa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba. In taya ta yi zafi iskar cikinta takan ƙaru, siffar abin da ke taɓa ƙasa ta sauya, riƙo ya ragu. Don haka gejin iska ya kamata ya kasance a aljihun direba, a auna kafin shiga, a sake aunawa bayan fitowa. Haka nan a ɗaure notocin ƙafa daidai ma'auni, a duba baƙin mai, domin a doguwar kwana yakan tattaru gefe guda ya bar famfo yana zuƙar iska. A kwashe duk tarkacen cikin mota, kada kwalba ta gangara ƙarƙashin birki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalili na uku shi ne fagena, wato jikin ɗan Adam. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da gaɓa ta motsa, mutumin da ke cikin shiri yakan ɗauki kimanin rubu'in daƙiƙa. A gudun kilomita 100, mota ta riga ta ci mita 7. In kuwa abin ya zo ba zato, jinkirin kan kai daƙiƙa ɗaya da rabi, wato fiye da mita 40. Babu makanikin da zai gyara wannan. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su koyi duban nesa, domin hannu yakan kai mota inda ido ya kafe. Wanda ya zuba wa roba ido don tsoron kada ya buge ta, shi ne ke buge ta.

Ban da wannan, kan mutum ya kai nauyin kilo 5, ga hular kwano a kai, kuma a kowace kwana wuya ne ke riƙe su. A can cikin kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa da ke sanar da ƙwaƙwalwa juyawar kai, ta haka direba ke jin bayan mota ya fara zamewa tun kafin ido ya tabbatar. Zafi da ƙishirwa suna dusashe duk waɗannan. Jiki yana ƙoƙarin zama a digiri 37 ta hanyar gumi, kuma in mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, natsuwarsa takan fara raguwa. Ashe barci isasshe da gorar ruwa suna cikin kayan gyaran mota.

Wani zai ce, me zai hana a sa mata kayan tsere gaba ɗaya a huta? Ilmin halittu ya koya mana cewa duk dabbar da ta ƙware a abu ɗaya ta sarayar da wani. Doki ya fi raƙumi sauri, raƙumi ya fi doki jure ƙishirwa. Takalman birkin tsere ba sa kamawa sosai sai sun yi zafi, alhali motar zuwa aiki da sanyin safiya take fita. Tayoyin fili marasa zurfin zane suna da haɗari a ruwan sama. Taura biyu ba ta taunuwa. Matsakaicin gyara shi ya dace da motar da za ta kai yara makaranta ranar Litinin. A kuma tuna cewa inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan ɓarnar da ta auku a filin tsere.

Akwai kuma masu cewa wannan wasa na ƙara wa direba girman kai a titi. Ban musa ba, hakan na faruwa ga wasu. Amma a fili akwai masu ba da tuta, akwai binciken mota kafin shiga, babu mai tafiya a ƙasa, babu mota mai tahowa daga gaba. A gwada wannan da wasan mota da samarinmu ke yi a kan titi ranar biki, jama'a na tsaye a gefe babu shinge. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗuran hanya, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Ina roƙon malamai 'yan'uwana su kai wannan lissafi aji. A ba ɗalibai nauyin mota da gudunta su fitar da zafin birki da kansu, a kuma auna saurin martaninsu ta hanyar sakin rula tsakanin yatsu biyu. Yaron da ya ga da hannunsa cewa jikinsa na da iyaka, da wuya ya manta ranar da ya riƙe sitiyari.