Bayan Takardar Naira Ashirin

Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga wata mata zaune tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya 'yar garin Kwali, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana ƙarama. Baturen nan Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a garin da yau ake kira Suleja, inda ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane ta gwamnati a farkon shekarun 1950. Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko da aka ɗauka. An baje kolin ayyukanta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta na yawo a aljihun kowa, amma cibiyar da ta fito da ita ta shafe shekaru cikin lalacewa, ba mai leƙa ta sai 'yan jarida masu neman labarin takaici.

An saba ɗora laifin a kan gwamnati, kuma tana da nata kason. Sai dai akwai laifin da ya fi wannan kusa da mu. Cibiyar ta tashi da kuɗin hukuma, ta rayu da kuɗin hukuma, saboda haka ranar da hukuma ta kau da kai babu wanda ya ji an taɓa masa kaya. Abin da mutum bai sa sisinsa a ciki ba, ba ya tashi tsakar dare don ya kare shi daga ruwan sama. Shi ya sa nake cewa zauren fasaha na unguwa, inda yaro zai koyi zane da rini da ginin tukwane da ɗinkin hula da adon gini, ba shi da madogara mai ɗorewa sai karo-karon mutanen unguwar da kansu.

Masu adawa da wannan ra'ayi iri uku ne. Na farko su ne masu cewa ana fama da abin sawa a baka, wa ke ta fenti da yumɓu. Ina roƙonsu su dubi hular da ke kansu da aikin wuyan rigarsu. Wani ne ya zana su, wani ya ɗinka, kuma da kuɗin suka ciyar da iyalansu. Marinar Ƙofar Mata ta Kano ta ɗauki ƙarnoni tana riƙe da gidaje, kuma rijiyoyinta da dama sun bushe ne saboda ƙarancin magada da gasar yadin kanti. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, aikin mai fasaha ne da ya koya a hannun wasu. Fasaha a ƙasar Hausa sana'a ce tun fil'azal, kuma zauren da ke koyar da ita makaranta ce ta neman abinci. Wannan ya isa amsa ga mai tsoron cewa za a koya wa yara sassaƙa gumaka, domin zayyanar allo da adon bango da saƙa sun ishi zaure aiki har abada.

Na biyu su ne masu cewa a nemi babban attajiri ko wata ƙungiya ta ƙasar waje ta ɗauki nauyin komai a huta. Tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi. Ƙungiyar Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961, matattarar marubuta da masu zane irin su Wole Soyinka da Demas Nwoko, ta sami tallafi daga wata ƙungiyar raya al'adu mai mazauni a Faris. Bayan 'yan shekaru aka bankaɗo cewa hukumar leƙen asirin Amurka ce ke zuba wa wannan ƙungiya kuɗi a ɓoye. Masu fasahar ba su san haka ba, kuma aikinsu bai rage daraja ba, amma darasin yana nan: mai karɓa daga hannu ɗaya bai san inda hannun ya ɗebo ba, bai kuma san ranar da zai naɗe ba. A gida ma mun san yadda bikin kafa gidauniya ke ƙarewa. Mai kuɗi ya yi alkawarin miliyoyi a gaban maroƙa, a buga tafi, sannan 'yan kwamiti su ƙare takalmansu a ƙofar gidansa. In ma ya biya, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Na uku su ne waɗanda hujjarsu ta fi nauyi, masu cewa kuɗin jama'a ba ya kwana lafiya a hannun ma'aji. Gaskiya ne, an sha gani. Amma maganin ɓera ba ƙona rumbu ba ne. A buɗe asusun banki da ba a cire ko kwabo sai mutum uku sun sa hannu. A manna lissafin shiga da fita a bangon zauren duk ƙarshen wata, yadda mai sayar da ƙosai da ta ba da naira 200 za ta karanta ko a karanta mata. A sauya ma'aji duk shekara biyu. Matan unguwa na gudanar da adashi shekara da shekaru bisa amana da ido, ba tare da akanta ba. Ba mu da dalilin cewa abin da ya yiwu a adashi zai gagara a nan.

Lissafin kuma ba mai ban tsoro ba ne. Gida 200, kowane ya ba da naira 500 a wata, an tara naira 100,000, abin da zai taimaka wajen haya da sayen takarda da fenti da ɗan ihisani ga mai koyarwa. Wanda ba shi da kuɗi yana da wani abin: kafinta ya gyara benci, magini ya yaɓe bango, tsohuwar da ta iya saƙar faifai ta ba da yammacin Asabar. Gayya ke nan, wadda kakanninmu suka nome gonaki da ita. Mai hali da ke son ladan da ba ya yankewa ya ba da ɗaki ko fili wakafi, a rubuta a gaban shaidu, ya bar gudanarwa a hannun jama'a. Abin da ɗalibai suka ƙera a sayar, a raba tsakanin mai aikin da asusun zauren.

Ladi Kwali ta yi sa'a sarki ya ajiye tukwanenta, baƙo kuma ya gan su. Yarinyar da ke zane da gawayi a bangon gidanku ba lallai ta yi irin wannan sa'a ba, kuma bai kamata makomarta ta rataya a kan sa'a ba. A ƙarshen watan nan a kira taron unguwa, a zaɓi mutum uku, a sayi littafin lissafi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa.