Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka Ya Isa Ya Zama Tushen Halin Kirki?

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin 'yan'uwa ɗalibai, musamman waɗanda suka ɗan leƙa Thomas Hobbes, wai halin kirki ba kome ba ne illa son kai da aka yi da hankali. Watau mutum yana riƙon amana ne don ya auna ya ga riƙon ya fi cin amanar riba.

Ban raina wannan ra'ayi ba, don kuwa Argungu ma tana ba shi hujja. Akan hana su a Matan Fada har ranar biki, masunta su haƙura, domin kowa ya san in duka suka sa homa yau, gobe ba mai fitowa da giwan ruwa. Bikin kansa, a siffarsa ta yanzu, ya faro ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan Kabawa da Sakkwatawa sun sha gwabzawa a ƙarni na 19. Lalle zaman lafiya ya amfani kowa.

Amma fa a gangara fadamar Rima. A da, manomi shi ke roƙon Bafulatani ya sauka gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da gero. Da takin zamani ya zo, injin ban ruwa kuma ya mai da fadama gonar shinkafa rani da damina, sai manomi ya daina bukatar saniya, burtali ya koma gona. Ba wanda ya yi kuskuren lissafi a nan. Lissafin da ya haɗa su shi ne ya ce su rabu. To, in riba ce kaɗai ma'auni, da wane baki za mu zargi wanda ya toshe mashaya, ko wanda ya kora shanu cikin shuka da dare?

A Matan Fadan ma, lissafi tsantsa cewa zai yi: bari sauran su haƙura, kai ka sulale bayan lisha da gorarka. Za a ce ai tsoron Sarkin Ruwa ne ke hana shi. Na yarda, in dai Sarkin Ruwa ba ya barci. Ni abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba su da abin ramawa: makahon da ke bakin kasuwar Birnin Kabi, da jikokin da ba a haifa ba waɗanda za su gaji kogin. Ba su iya cuɗa kowa, amma har mai wannan ra'ayi, in ya ga an tura makahon nan cikin kwata, ba zai tsaya yin lissafi ba kafin ya ce an yi zalunci.