ZAUREN HAUSA: Waƙa da Kunne Ake Auna Ta

A makon jiya na rubuta wa ɗalibaina waɗannan baitoci biyu nawa a allo, na ce su yi nazari:

Dare ya yi nisa, gari ya yi tsit,
Uwa na jiran ɗa a ƙofar gida.

Tuwo ya yi sanyi, wuta ta mutu,
Shiru, babu motsin mutum ko guda.

Nan da nan suka gano waƙar ƙwar biyu ce, amsa-amonta kuma "da" ne, ga shi a gida da guda. Da muka zo kan kari sai aji ya yi tsit. Laifin ba nasu ba ne, domin boko ba ya nuna tsawon wasali, ido kuwa ba ya ji.

Sai na sa suka rera, suna buga tebur. Gaɓa mai sauƙi ɗaya, masu nauyi biyu: da-ree-yaa, yi-nii-saa, ga-rii-yaa, sannan yi-tsit, wadda ta rasa gaɓar ƙarshe. Wannan shi ne karin Mutaƙarab, mai ƙafa fa'ulun, cikin ma'aunan da Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Na goge "uwa" na sa "inna". Ma'ana ba ta sake ba, amma duk suka yi tuntuɓe, don "in" gaɓa ce mai nauyi a mazaunin mai sauƙi.

To, ina yanayi? Babu kalmar fargaba ko ɗaya a waƙar, tuwon da ya huce shi ya faɗe ta. Karin ma yana ta komowa kamar sawun mai kai-kawo a ƙofa. Wata yarinya ta ce, "Malam, haka kakata take yi in yayana ya yi dare." Ita ta ci jarrabawar.

Mu da muka gaji Alhaji Umaru Salaga, wanda ya rasu a 1934, bai kamata 'ya'yanmu na zango su tashi suna karanta waƙa kamar rasiti ba. Iyaye, ku sa su rera da baki.

Ga aiki: a ƙara baiti ɗaya mai ƙarewa da "da", ɗan nan ya dawo gida. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.