Sabuwar Hanyar Gano Sankarar Mama: Maraba, Amma da Sharaɗi

Sankarar mama, wadda jama'a suka fi sani da daji, ta kama mata kimanin miliyan 2.3 a duniya cikin shekarar 2022, ta kuma hallaka wajen 670,000. A ƙasar Hausa sau da yawa ba a kai mace asibiti sai ƙullutun ya fashe ya zama gyambo. Kunya tana cikin dalilai, haka ma nisan asibitin da ke da na'urar mamogiram, wadda kan matse mama tsakanin faifai biyu kafin ta haska shi da eksire.

Shi ya sa ya dace a dubi wata hanya da masana ke gwadawa, watau hoto da igiyar rediyo mai matuƙar gajeren zango, wadda Turawa ke kira maikirowef. Hikimar ita ce, tsiron daji ya fi kitse ruwa da jini, don haka amsa-kuwwar da yakan mayar idan igiyar ta buge shi daban take. A na'urar MARIA, wadda ta samo asali daga Jami'ar Biristol ta Ingila, mace kan kwanta rub da ciki, mamanta cikin wani mazubi mai kamar ƙoƙo da eriya 60 suka kewaye, kwamfuta kuma ta haɗa hoton. Ba matsi, ba kuma hasken eksire da ake gudun yawansa.

Amma fa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A 2007 masana daga jami'o'in Wiskonsin da Kalgari sun auna naman mama da likitoci suka cire, suka tarar bambancin daji da kitse yakan kai ninki goma, alhali tsakaninsa da naman da ke samar da nono bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ga shi kuwa wannan nama ne ya fi yawa ga mata masu ƙuruciya. Hoton da ya ce wa mai ciwo lafiyarta lau ya fi rashin hoto illa, domin gida za ta koma ta saki jiki. Saboda haka ya kamata na'urar ta zauna gefen mamogiram tukuna, har gwaji kan mata masu yawa ya tabbatar da ita.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masana harshe, watau raɗa mata suna. Macen da ta san maikirowef a matsayin akwatin ɗumama abinci da wuya ta yarda ta kwanta a kanta, ko da likita ya rantse mata cewa ƙarfin igiyar bai kai na wayar hannu ba.