LAHIYA UWAR JIKI: Daidai ruwa daidai gari

Hatsi ya shigo gida, an fige gujiya, wake na bisa rumfa. Watan da ciki ke cika ke nan. Kuma shi ne watan da mutum ya fi yi ma kansa ɓarna da hannunsa. Don haka zancenmu na wanga wata shi ne awo: awon abin da muke ci, da wanda muke kashewa, da wanda muke aza ma jiki da zuciya.

Mu fara da rumbu. Lissafin da ma'aikatan gona sunka daɗe suna yi shi ne, mutumin ƙauye guda yana bukatar kilo 250 na hatsi a shekara. Tiya ɗari ke nan, ko buhu biyu da rabi. Gida mai mutum takwas, buhu ashirin. To mai gida, kafin ka buɗe ma ɗan kasuwa rumbu, ka zauna ka ƙidaya bakunan da ke gidanka. Har jinjirin goye ka sa cikin lissafi, don uwarsa cin mutum biyu take yi.

Amma mi muke gani kowace shekara? Da an gama yankan hatsi sai bukukuwa su tashi. Wanga zai ƙara aure, wancan zai yi suna da raguna biyu don maƙwabcinsa ya yanka biyu bara. Uwar amarya ta rantse sai an jera ma ɗiyarta kayan ɗaki irin na birni. Sai a loda hatsi a amalanke a kai kasuwar Maraɗi ko ta Tsibiri, a sayar lokacin da tiya ba ta da daraja, don kowa sayarwa yake. In damana ta faɗi, rumbu ya yi ƙasa, sai a koma wurin ɗan kasuwar nan a sayi hatsin da tsada, sau da yawa ma bashi. Lokacin kuwa shi ne na noma, lokacin da jiki ya fi son abinci, kuma sauro ya fi yawa. Ba mu ce kada a yi aure ba. Aure sunna ne, suna kuma haƙƙin jinjiri. Rago guda dai ya isa raɗa suna.

Wanda ya ga shekarar 2005 bai manta ba. Jihar Maraɗi ita ce rumbun ƙasa, amma nan tamowa ta fi kama yara. Ƙungiyar likitocin MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar, kuma mafi yawansu ɗiyan jiharmu ne. Gaskiya ne fari da ƙarancin ruwa sun taɓa amfanin gona a 2004. Duk da haka hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, wanda ya riga ya sayar da nasa tun kaka. Abin da ya kamata ya ba mu kunya shi ne, abincin leda da anka ceto yaran da shi, da gujiya ake yin sa, a haɗa da madara da mai da sukari. Gujiya fa! A garin da ya yi arziki da gujiya tun zamanin SONARA, kafin farin 1973 ya karya nomanta.

Ashe cika ciki daban, gina jiki daban. Yaro yana iya shan hura safe da yamma, cikinsa tim, amma jikinsa na ramewa, don hatsi zalla bai isa ba. Uwargida, in za ki dama kunun yaro, ki zuba garin ƙuli-ƙuli ko na wake, ki ɗiga ɗan mai. Daga haihuwa zuwa wata shida nono kaɗai za ki ba shi, ko ruwa kada ki ƙara. Kuma a bar cewa ƙwai yana sa yaro sata. Ƙwai bai taɓa koya ma kowa sata ba.

Mutanen Jiratawa, da ku muke. Tun farkon shekarun 1980 da anka gyara muku filin noman rani, kuka yi suna wajen zogala. Ana ɗura ta a buhu ana kai ta har Yamai. Madalla, kuɗi ne. Amma akwai gidajen da ganyen nan ke fita ƙofarsu kullum, yara kuma su kwana da tuwo da miyar kuka tsurarta. A ɗebi na tukunya tukuna, saura a kai ma masu saye. Kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli yana ƙara jini, ya fi ma mai ciki amfani bisa ga lemun kwalba.

A cikin birni kuwa ciwon ya juya. Can rashi, nan yawa. Hawan jini da ciwon sukari, waɗanda da ake ce ma ciwon alhazai, yanzu har mai tura kura yana fama da su. Hukumar lahiya ta duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, ƙaramin cokalin shayi guda ke nan. Ɗunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne. In kin jefa huɗu cikin miya, kika bi da gishiri, kika ƙara kanwa, kina iya wuce awo tun ba a tuƙa tuwo ba. Ki rage magi, ki koma ga daddawa irin ta iyayenmu. Sukari kuma kada ya wuce giram 50 a yini, wajen ƙwaya goma na sukarin kwali. Kwalbar lemu guda tana iya ɗauke da bakwai.

Ku samarin fada, ku ƙidaya ƙwayar da ke shiga buta daga shayin fari zuwa na uku. Zaman fada ba laifi ba ne, nan ake jin labari, nan ake taimakon juna. Sai dai shayi mai kauri ƙarfe goma sha biyu na dare kwana yake kora. Kuma in an sha shi nan take bayan abinci, yana rage abin da jiki ke tsotsa na gina jini. A jinkirta kamar awa guda.

Akwai abin da ya fi shayi muni, shi ne tiramol. Asalinsa maganin zogi ne mai tsanani, likita ke rubuta shi da awo, kuma a ƙa'ida ba a haɗiye fiye da miligiram 400 a yini. Ƙwayar da ake sayarwa a ɓoye tana kai 225. Ɗan kabu-kabu ko ɗan ƙwadago ya haɗiya biyu da safe don kada ya ji gajiya, ya riga ya wuce iyaka. Gajiya kuwa ba ta tafi ko'ina ba, ɓoye ta anka yi. Jiki ne ke cewa a tsaya, ƙwaya ta toshe masa baki. Daga baya sai biyu su kasa, a koma huɗu. Sai faɗuwa kamar mai farfaɗiya, wani lokaci bisa babur da fasinja a baya. Uban da ya ga ɗansa ya noma aikin mutum uku ba ci ba hutu, kada ya yi murna. Ya bincika. In ya tabbata, duka da kora ba su raba yaro da ƙwaya. A kai shi likita, don wanda jikinsa ya saba, yankewa dare ɗaya tana jigata shi, a hankali ake janye shi.

Ta wajen ibada ma addini ya zo da awo. Malamanmu suna karantar da cewa a kasa ciki uku, na abinci, na ruwa, da na numfashi. Amma dubi buɗa-baki: an wuni da yunwa, a cika ciki da ƙanƙara da soye-soye har a kasa tsayuwar asham. Azumin 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsakiyar zafi, kuma tsofaffi da marasa lahiya sun sha wuya ƙwarai. Shari'a ta yi sauƙi ga maras lahiya da matafiyi da mai ciki da mai shayarwa. Mai ciwon sukari ya tambayi likita da malami kafin ya ɗauki azumi, kada ya biye ma kunyar mutane.

Hawan jini ba ya sallama, mutum yana iya shekara da shi bai ji komi ba. Duk wanda ya kai shekara arba'in, ranar da ya shigo kasuwa ya ratsa gidan likita a auna shi. In awon ya kai 14 bisa 9, a sake aunawa wata rana. In ya tsaya nan, a bi maganar likita, kuma kada a aje magani don an ji sauƙi.