Ra'ayinmu: Ƙwallon Kashe Gobara Mai Gadin Ɗaki Ne, Ba Na Daji Ba

Da yawa daga cikinmu sun ga hoton wani ƙwallo a wayar hannu, wanda ake jefawa cikin wuta ya fashe, nan take wutar ta mutu. Tun da yake gobara tsohuwar abokiyar gabar makiyayi ce, ya zama wajibi mu yi bayanin wannan abu dalla-dalla, kafin ƙungiyoyi su zuba kuɗin mambobinsu a kansa.

Asalin ƙwallon daga ƙasar Tailan yake. A watan Yuli na 1997 gobara ta tashi a wani babban otal na birnin Pattaya, ta hallaka kimanin mutum 90. Wannan masifa ce ta sa wani ɗan ƙasar mai suna Phanawatnan Kaimart ya ƙirƙiro abin da ake sayarwa da sunan Elide Fire, daga baya wasu kamfanoni suka fito da irin nasu. Dabarar kanta ta girmi haka, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 Turawan Ingila da Amurka suna rataye kwalaben gilashi da ake jefawa cikin wuta. Wasu ruwan gishiri ne a cikinsu, wasu kuwa wani sinadari ne mai lahani ga hanta, wanda kan rikiɗe ya zama iska mai guba in ya ji zafi, shi ya sa aka daina amfani da su.

Ƙwallon na yau bai wuce girman ƙaramar kankana ba, nauyinsa kilo 1.3. Ɓawonsa irin farin soson nan ne marar nauyi da ake tallafe rediyo da shi a cikin kwali, an lulluɓe shi da leda, an kewaye shi da lagwani wanda ya shige har tsakiya, inda aka ajiye ɗan albarushi kaɗan. Sauran cikin duk gari ne da ake kira monoamoniyam fosfat, dangin takin zamani, irin wanda ke cikin yawancin jajayen tukwanen kashe wuta na ofisoshi da motoci. Da zarar harshen wuta ya taɓa lagwanin, cikin daƙiƙa 3 zuwa 10 sai ƙwallon ya fashe, garin ya watsu ta kowace fuska. Inda ya faɗa kan abu mai zafi sai ya narke, ya yi ɓawo, ya raba abin da iska. Wuta kuwa ba ta rayuwa sai da iska. Masu ƙera shi sun ce yana rufe fili na murabba'in mita 8 zuwa 10, kuma yana yin shekara 5 a ajiye.

Amfaninsa a fili yake. Ba ya bukatar horo, yaro ko tsohuwa na iya mirgina shi cikin wuta daga nesa. Abin da ya fi wannan, in an rataye shi daidai inda ake tsoron tashin wuta, yana aiki ko babu kowa a wurin, kuma ƙarar fashewarsa kan tada mai barci. Saboda haka ya dace da ɗakin injin niƙa, da ɗakin janareta, da wurin ajiye baturan hasken rana, da shagon maganin dabbobi.

To amma akwai abin da mai talla ba zai faɗa ba. Hayaƙi ba ya tada ƙwallon, sai harshen wuta ya iske shi. Wutar da ke ci a ɓoye cikin damin harawa ko buhunan dusa da angurya tana iya kwana tana ci, shi yana rataye shiru. Ko ya fashe, garin saman tarin kawai yake rufewa, garwashin ciki na nan, yana iya sake kamawa in ba a bi shi da ruwa ba. Sau ɗaya yake fashewa. A fili iska kan kwashe garin. Bai dace a jefa shi cikin kaskon mai da ya kama wuta ba, don yana iya fantsama man ga mutane. Kusa da turke kuma ƙararsa na iya firgita dabbobi su tsinke igiya.

Babbar asararmu kuwa ba a cikin ɗaki take ba. Kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke ciyawa ta bushe, wutar daji kan lashe makiyaya a yankunan Abalak, Cintabaraden, Barmo da Tanut, abincin da garke zai dogara da shi har faɗuwar ruwa ya zama toka a wuni guda. Wutar da ke tafe da iskar hunturu, bakinta ya kai kilomita, ba ƙwallon mita 10 ne zai tare ta ba. Abin da ke tare ta shi ne faffaɗar hanyar da aka share ciyawarta tun kaka, da kashe garwashin shayi kafin a tashi daga zango, da hana jefar da guntun taba a gefen hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bisa ga haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyi da masu kula da mangazar abincin dabbobi: in da hali a sayi ƙwallo ɗaya ko biyu don ɗakin inji, amma kada a taɓa kuɗin sharar hanyoyin tare wuta, kuma kada a kawar da bokitin yashi da randar ruwa daga bakin ƙofa. Mai saye ya duba sunan kamfani da ranar ƙira, ya ajiye shi inda damshi ba zai dunƙule garin ba, ya tuna cewa araha ba ta ado.

Muna kuma kira ga hukuma da ta sa ma'aikatan kashe gobara su gwada duk irin ƙwallon da ke shigowa ƙasa, su bayyana sakamakon a gidajen rediyo cikin Hausa, Fulfulde da Tamashek. Ƙwallon jabu ya fi rashin ƙwallo illa, domin mai shi barci zai yi da tsammanin yana da mai gadi.

Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu daga gobara, amin.